Likitan Da Gawa Ke Gaya Wa Gaskiya

Na san wasu da ganin kan wannan rubutu za su ce, a'a, yau kuma ina ruwan mai rubuta labaran soyayya da gawa? To a yi haƙuri a biyo ni sannu a hankali, don kuwa maganar ta gida ce, ta aure ce, kuma ta fi shafarmu mu mata.

Duk mai karanta littattafan Hausa ya san wannan fage. Alhaji ya sha fura a ɗakin amarya, can cikin dare ya dafe ƙirji, kafin asuba rai ya yi halinsa. Uwargida ta ɗora hannu a ka tana cewa an kashe mata miji. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, kafin sadakar uku an gama yanke wa yarinya hukunci a zaure da tsakar gida. Ba a littafi kaɗai ake yin haka ba, kowa ya sani. In ba ta ci ba ta sha ba, shi ke nan an shafa mata baƙin fentin da ba ya goguwa, manema su guje ta, 'ya'yanta su tashi da gori. In kuwa da gaske ita ta zuba masa wani abu, to ta sha, ta yi takaba da kukan munafunci ta karɓi rabonta na gado. A duka biyun an binne amsar tare da mamacin. Alhali kuwa tambayar nan ta me ya kashe shi sau da yawa tana da amsa, kuma akwai mutumin da ya shafe shekaru fiye da goma yana karatu don ya iya ba da ita. Shi ne likitan binciken gawa.

Ba kowace mutuwa ake kai masa ba. Tsohon da ya daɗe yana jinya a hannun likitansa har Allah Ya karɓi abinsa, ba ruwan wannan likita da shi. Nasa su ne mutuwar fuju'a, da wanda aka tsinta a rataye ko a cikin rijiya, da wanda gobara ko haɗarin mota ya ci, da wanda ya mutu a tsare, da jaririn da aka kwantar lafiya lau aka wayi gari babu shi. A Nijeriya dokar da muka gada daga Turawan Ingila ta ba majistare ikon ya ba da umarni a binciki irin wannan mutuwa, kuma Jihar Legas ta sabunta tata dokar a 2007.

Sana'ar ba ta yau ba ce. A ƙasar Sin wani alƙali mai suna Song Ci ya rubuta littafi a kanta tun 1247, kuma a ciki akwai labarin wani mutum da aka sassara da lauje a ƙauye. Mai bincike ya sa kowa ya kawo laujensa aka jera a rana. Duk a wanke suke fes, amma sai ƙudaje suka yi dafifi a kan guda ɗaya, saboda ƙarnin jinin da ido ba ya gani. Mai laujen bai ƙara musu ba.

Yawancinmu in an ce binciken gawa, wuƙa ce ke fara faɗo mana a rai. Alhali likitan yakan daɗe bai taɓa wuƙa ba. Zai fara da tambayar inda aka sami mamacin da yadda aka same shi, da ciwon da yake fama da shi, da magungunan da yake sha. Sai ya duba tufafi, ya ɗauki hotuna, ya auna kowane rauni, ya leƙa ƙarƙashin farce ko akwai fatar wani da aka yakusa wajen kokawa, ya buɗe fatar ido ya duba ko akwai 'yan ɗigo-ɗigon jini irin waɗanda akan gani a wanda aka shaƙe. Gawa kan fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya, ta gama sandarewa wajen awa 12, sannan ta sake bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, kodayake a zafi irin namu komai ya fi sauri. Jini kuma da zarar zuciya ta tsaya sai ya gangara ya kwanta a ɓangaren jikin da ke ƙasa, bayan wasu awoyi ya zauna daram ba ya sake motsi. To kun ga in an sami mutum a rataye amma jininsa a gadon baya ya kwanta, ai gawar da kanta ta faɗi cewa a kwance ta mutu, daga baya wani ya ɗaga ta. Haka wanda aka ciro daga gobara: in akwai baƙin hayaƙi a maƙogwaronsa da hanyoyin numfashinsa, da ransa wutar ta same shi. In babu ko ɗis, to a tambayi wanda ya kunna wutar abin da yake son ɓoyewa.

Bayan haka ne ake buɗe jiki, a ciro zuciya da huhu da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa, a auna nauyin kowanne, a yanki ɗan ƙanƙane a duba a madubin likita, a ɗebi jini da fitsari da ruwan ido da abin da ke cikin tumbi a aika ɗakin gwaji, sannan a mayar a ɗinke a miƙa wa dangi. Zuciyar babban mutum nauyinta wajen giram 300 ne, amma ta wanda hawan jini ya daɗe yana ci takan kumbura har ta wuce giram 500. Alhaji nawa ne ke yawo da irin wannan zuciya, ba su taɓa bari an auna jininsu ba, ga maiƙo ga gishiri ga tunanin kasuwa? Ranar da ta tsaya, a ɗakin wadda ke da girki za ta tsaya, ita kuma baiwar Allah ta shiga uku.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na hayaƙi. Sau nawa muka ji an ce iyali guda sun kwanta lafiya an wayi gari duk sun mutu, miji da mata da 'ya'ya? Nan da nan sai a fara lissafin wa ya aiko musu da tuwo jiya, wace maƙwabciya ce suka yi cacar baki da matar gidan, wasu ma su ce jifa ne. Alhali janareto ne aka kunna a baranda ko a lungun ɗaki don tsoron ɓarayi, ko kaskon gawayi da aka shigar ɗaki aka rufe ƙofa da taga lokacin hunturu. Akwai wata iska a cikin wannan hayaƙi wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar da muke rayuwa da ita ke kama shi sau fiye da 200. Mutum sai ciwon kai da kasala da barci, daga nan sai lahira. Likitan binciken gawa yana buɗewa zai ga jini da tsoka sun yi wani irin ja mai haske, gwajin jini kuma ya tabbatar. Maƙwabciya ta kuɓuta, sauran mutanen unguwa kuma su fitar da nasu janareton waje. In kuwa fiya-fiya ce aka ɗura wa mutum, ita ma ba ta ɓuya: ga kumfa a baki da hanci, ga ƙwayar ido takan tsuke, ga warinta a cikin tumbi.

To yaya ake zama irin wannan likita? Nan fa ake yin ta. Sai mutum ya zama cikakken likita tukuna. A Nijeriya shekara 6 ce a jami'a, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara 1 ta bautar ƙasa. Sannan ya koma asibitin koyarwa ya ƙara wajen shekara 5 ko fiye yana koyon ilmin gano cuta a jikin nama da gaɓoɓi, yana zana jarrabawa mataki-mataki a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Bayan wannan duka ne zai ware kansa ga ɓangaren da ya shafi shari'a, wanda da yawa sai sun tafi ƙasashen waje. A Amurka shekara 4 ce ta digirin farko, 4 ta likitanci, 3 ko 4 ta ilmin gano cuta, sannan shekara 1 cur a ofishin binciken gawa, yana koyon bambancin ramin da harsashi ya shiga da wanda ya fita, da raunin faɗuwa da na duka, da yadda ake tsayawa gaban alƙali lauya yana juya ka kamar waina ba tare da ka faɗi abin da ba ka gani ba. Yarinyar da ta shiga jami'a tana 18, kafin ta gama ta ba 30 baya. Ga shi ba sana'ar kuɗi ba ce kamar ta mai asibitin kansa, ba mai dawowa ya ce likita na gode na warke, ga wari, ga mutane suna ƙyamar haɗa kwano da kai. Shi ya sa ko a Turai da Amurka kukan ƙarancinsu ake yi, balle mu nan da manyansu sanannu ba su da yawa. Cikinsu akwai Farfesa John Obafunwa na Legas, wanda ya jagoranci aikin tantance gawarwakin jirgin Dana da ya faɗi ranar 3 ga Yunin 2012 da mutum 153 a ciki, inda wasu sai da gwajin DNA kafin a miƙa wa kowane gida nasu.

Wani ɗan ƙasarmu ma duniya ta san da shi. Bennet Omalu, mutumin Jihar Anambra, an haife shi a 1968 ana tsakiyar yaƙin basasa, ya yi likitanci a Jami'ar Nsukka, ya tafi Amurka a 1994. A 2002 yana aiki a birnin Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake gwara kai da kai. Mutumin ya mutu yana da shekara 50 da ciwon zuciya, bayan ya shafe shekaru hankalinsa ya gushe, har yana kwana a mota. Da wani ne sai ya rubuta ciwon zuciya ya sa hannu ya tafi gida. Omalu ya ga ƙwaƙwalwar lafiya lau a ido, amma hankalinsa bai kwanta ba, ya sa aka yayyanka ta aka rina aka duba a madubi, sai ga lahanin da yawan buguwar kai ke haifarwa, irin wanda a da aka sani a wurin 'yan damben Turawa. Da ya wallafa a 2005, likitocin hukumar wasan suka nemi a janye rubutun. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a fili cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da ciwon. Har fim aka yi a kansa a 2015, Will Smith ya fito a matsayinsa.

Amma fa kada a ɗauka duk abin da likitan gawa ya faɗa ya zauna. Mutum ne, kuma in ya karkace ba ƙaramin gida yake rushewa ba. Ku saurari labarin Sally Clark, wanda wallahi duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Baturiyar Ingila ce, lauya, mijinta ma lauya, mahaifinta babban ɗan sanda. A watan Disamba na 1996 ɗanta na fari, Christopher, ya mutu yana da mako 11. Likitan da ya binciki gawar, Dokta Alan Williams, ya ce ciwon huhu ne. Ta sake haihuwa, aka sa wa yaron Harry, shi ma a Janairun 1998 ya mutu yana da mako 8. Da a nan ne sai mu ce wabi take yi, wasu su tausaya mata, wasu su fara raɗe-raɗin maita ko su ɗora wa kishiya. Can kuwa 'yan sanda aka kira. Likitan nan dai shi ya sake duba gawar, ya ce kashe Harry aka yi, sannan ya koma kan maganarsa ta farko ya ce ashe Christopher ma toshe masa numfashi aka yi. A kotu wani babban farfesan yara, Roy Meadow, ya ce yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar fuju'a a gida irin nata 1 ce cikin miliyan 73. Daga baya masana lissafi suka nuna wannan ƙididdiga ba ta da tushe, amma ina, ta riga ta shiga kunnen masu yanke hukunci. A Nuwamban 1999 aka ɗaure ta rai da rai, ta bar ɗanta na uku yana ɗan shekara guda. Ki kwatanta 'yar uwa: kin binne biyu, an raba ki da na uku, jaridu suna kiran ki mai kashe 'ya'yanta, matan gidan yari suna tofa miki yawu.

Mijinta bai taɓa yarda ta aikata ba, nan kam a jinjina masa. Ya tsaya kai da fata, ɗaukaka ƙara ta farko ta faɗi a 2000 bai karaya ba. Can sai aka tono wasu takardun gwaji a asibiti da ke nuna cewa an sami ƙwayoyin cuta masu haɗari a wurare 8 na jikin Harry, har da ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Wato akwai babbar alama cewa ciwo ne ya kashe yaron. Dokta Williams ya san da wannan sakamako tun 1998, bai nuna wa lauyoyinta ba, bai nuna wa sauran likitoci ba, bai gaya wa kotu ba. A Janairun 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta, bayan ta yi fiye da shekara 3 a kurkuku. A 2005 hukumar likitocin Ingila ta same shi da babban laifi a kan aikinsa. Shari'arta ta sa aka sake duba ta wasu iyaye mata, har aka saki Angela Cannings da Donna Anthony. Ita kuwa Sally ba ta sake komawa daidai ba. A Maris na 2007 aka tsinci gawarta a gida tana da shekara 42, giyar da ta faɗa sha ce ta kashe ta. Allah Sarki. Takarda ɗaya ce fa aka bari a cikin fayil. Kuma ku lura, abin da ya wanke ta shi ma daga gawar yaron aka samo shi. Da ba a ɗebi ruwan jikinsa an gwada ba, da babu abin da za a tono.

Mu dawo gida. A shekarar da Harry ya mutu, mu ma nan Nijeriya mun ga mutuwa biyu da har yau ake magana a kansu. Ranar 8 ga Yunin 1998 Janar Sani Abacha ya rasu a Abuja, aka ce bugun zuciya ne, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura a ranar, ba a binciki gawar ba. Tun daga lokacin kowa da irin labarinsa, wannan ya ce tuffa, wancan ya ce guba, kuma babu wata takardar likita da za a ɗaga a ce ga abin da aka gani. Wata guda bayan haka, ranar 7 ga Yuli, Cif M.K.O. Abiola ya rasu a tsare, jim kaɗan bayan an ba shi shayi yana ganawa da jami'an Amurka. Shi ma Musulmi ne, amma aka jinkirta jana'izarsa kwana 4, aka gayyato likitocin binciken gawa daga Amurka da Ingila da Kanada. Suka ce sun sami zuciyarsa ta kumbura saboda daɗaɗɗen hawan jini, jijiyoyinta sun tsuke, gwaje-gwaje kuma ba su nuna guba ba. Shin wannan ya rufe bakin kowa? Ko kusa, har gobe akwai masu rantsuwa da shayin nan. Kuma wuƙar likita ba za ta iya auna abin da tsarewar shekara 4 ta yi wa mai hawan jini ba. Amma dai akwai abu a rubuce, da sa hannun mutanen da suka gani da idonsu, wanda duk mai musu sai ya fara bi ta kansa.

Na san abin da ke ran mai karatu tun ɗazu, don ni ma yana raina. Mu Musulmi ne, an umarce mu da gaggauta sutura, an kuma hana mu wulaƙanta gawa, alfarmarta kamar ta mai rai ce. Wace uwa ce za ta so a tsaga ɗanta? Malamai ba su yi sakaci da wannan tambaya ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta zauna a kanta a 1976, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ma ta zauna a 1987, kuma duka sun halatta binciken gawa in ana tuhumar kisa kuma alƙali na buƙatar sanin sanadin mutuwa, ko in ana tsoron annoba. Hujjarsu ita ce kare jinin mutane da kuɓutar da wanda ake zargi bisa zalunci sun rinjayi ɓarnar da ke cikin tsagawar, da sharaɗin a tsaya iya buƙata, a kuma binne komai. Ba kuma dole ne abin ya ɗauki kwanaki ba, aikin kansa na 'yan awoyi ne, jinkirin yawanci na takardu ne da rashin likita a kusa. A wasu garuruwan Ingila ma, saboda koken Musulmi da Yahudawa, akan sa gawa a na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, in hoton ya nuna sanadin sai a sallame ta ba tare da an tsaga ba. Ni dai a ganina, in mutuwa ta zo da alamar tambaya har aka fara nuna wata da yatsa, gara a jinkirta wuni guda a tambayi likita, da a yi shekara 30 zumunci a yanke.

A fatawar nan ta Makka akwai wani sharaɗi da ya tsaya mini a rai: gawar mace likita mace ce za ta duba ta, sai in an rasa. To a ina za a samo ta? Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri duk akwai makarantun likitanci, kuma 'yan matanmu suna shiga suna fitowa, sai dai mafi yawansu ɓangaren haihuwa da na yara suke nufa, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ƙanwata da ke ajin kimiyya a sakandare, wadda ba ta tsoron jini, mai naci da son bin diddigi har ana ce mata ta cika tambaya, ki riƙe Bayoloji da Kemistiri da Fizis da kyau. Akwai matan da ake kawowa mutuware da tabon duka a ƙarƙashin zane, dangin miji suna cewa zazzaɓi ne, kuma iyayensu ba za su taɓa yarda namiji ya yaye zanen ba.